Inda Ji Ya Kori Gani

Mota tana iya fitowa daga wurin wanki fes, ruwa na ɗiga a gindinta, rana na wasa a kan bonet, mai ita ya biya kuɗi har da ɗan ƙari, alhali jikinta cike yake da datti. Ba wanda ya maƙale a ƙarƙashin kujera ko a lungun taya ba. A fili yake, kan rufi da ƙofa da murfin but, inda kowa ke kallo. Ido ne kawai ba ya kama shi. Mai shakka ya samo siririyar farar ledar nan da ake zuba ƙosai a ciki, ya zura hannunsa, ya bi bonet da kan yatsu a hankali bayan an wanke an tsane. Zai ji tsaki-tsaki birjik a wurin da zai iya rantsuwa babu komai. Ledar ba ta kawo dattin ba, yatsun ta ƙara wa ji, shi ya sa masu sana'ar gyaran fenti sukan fara gwada mota da ita kafin su faɗi kuɗin aiki.

Mun gaji cewa gani ya kori ji, kuma a kasuwa da gaban alƙali maganar tana nan daram, domin jin da take nufi na kunne ne, labarin da wani ya kawo maka. Sai dai ji a bakinmu ya fi haka faɗi. Muna jin ƙamshi, muna jin gishiri a miya, muna jin sanyi da yunwa da kunya, yaro ya ji magana, baƙo ya ji Hausa. Ido kaɗai muka ware wa kalmarsa, sauran gaɓoɓi duk muka haɗa su a guda. To a jikin mota, fatar yatsa ta fi ido sanin abin da ake ciki. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma akwai ƙanƙantar da kimarsa ba ta kaiwa can.

Kalmomin tsabta ma sun rabu gida biyu, ko da yake ba kasafai ake lura ba. Fes da tas da ƙal na ido ne. Riga ta fita fes, kwano ya wanku tas, haƙora farare ƙal, duk daga nesa ake yanke musu hukunci. Sheƙi da ƙyalli da ɗaukar ido su ma can suka dosa, na ƙarshen ma bai ɓoye wanda ake yi dominsa ba. Sumul kuwa ba a faɗinsa daga tsallaken titi. Sai an taɓa, ko an taka, ko an bi ta kai. Sabuwar kwalta sumul take saboda direba bai ji gargada a ƙugunsa ba. Majinyaci ya warke sumul saboda ya laluba jikinsa bai ji sauran ciwo ba. Wato sumul shi ne a nemi abin ji a rasa. Wankin motar da muka saba, na bokiti da soso da garin omo, aikin fes ne, kuma yana cika alkawarinsa. Sumul wani aikin ne dabam, da kayan aikinsa dabam.

Dalili shi ne dattin jikin mota iri biyu ne. Akwai wanda ya sauka ya kwanta, ƙura da taɓo, wannan ruwa da sabulu sun ishe shi. Akwai kuma wanda ya kafe. Duk lokacin da aka taka birki, takalmin birki na gugar faifan ƙarfe, gari mai zafi ya tashi, wani ya baƙanta wili, wani ya sauka a jikin motar ko ta bayanta, ya soke fenti ya tsaya. Raɓa ta sauka masa ya yi tsatsa. Masu farar mota sun san ɗigo-ɗigon nan ja-ja da ke fitowa a murfin but da ƙasan ƙofofi, su yi ta zargin fentin da lalacewa, alhali baƙon ƙarfe ne ke ruɓewa a kansa. A Amurka da Turai ƙurar dogo suke ce masa, saboda sababbin motoci da ake ɗauka a jirgin ƙasa suna isa wurin dillali da garin da ƙafafun jirgi suka gurzo daga dogo. Mu nan ba ma buƙatar jirgi. Mai walda a bakin titi yana yanka ƙarfe, tartsatsi na feshi har kan motar da aka ajiye a gefe. Mai fenti yana fesa wa wata mota a buɗaɗɗen gareji, iska ta kwashi burbushin ta rarraba wa duk motocin da ke layi. Ga kwaltar da bazara ta narkar tana fallatsa a ƙasan bodi, ga hayaƙin tirela da na janareta, ga ruwan burtsatse da ke bushewa ya bar farin gishirinsa. Inuwar darbejiya ma, da kowa ke rige-rigen ajiye mota a cikinta, ba kyauta take ba: danƙo da kashin tsuntsu ne kuɗinta. Ka wanke sau goma, yawancin waɗannan suna nan.

Maganinsu daga Japan ya fito. Sunan wani ɗan ƙasar, Tadao Kodate, shi ke kan takardar mallakar ƙirƙira da Amurka ta bayar a 1995, kuma a takardar dutsen wasawa mai lanƙwasuwa aka kira abin. Damuwar da ta haife shi ita ce burbushin fenti da garin ƙarfe da ke kafewa a jikin mota, waɗanda a da sai an sa inji da man gurza mai ƙarfi, a ci lafiyayyen fenti garin cire su. Kamfanin Auto Wax na birnin Dalas a jihar Teksas shi ya riƙe kasuwarsa a Amurka da sunan Clay Magic, ya kuma sha shiga kotu da masu kwaikwayo. Da wa'adin mallakar ya ƙare sai kowa ya kama yi, farashi ya faɗi, har ya zama abin da ake tsinta a kantin kayan mota.

Da sunan yumɓu ake sayar da shi, amma kama ce kawai. Ba yumɓun ƙasa ba ne. Danƙon roba ne na dangin man fetur, an cuɗa shi da garin dutse mai matuƙar laushi. Ba ya bushewa, ba a gasa shi, ruwa ba ya narkar da shi. Ni ma yumɓun zan ci gaba da ce masa, don a hannu haka yake: ka matsa ya lotsa, ka ja ya miƙe, ka ninke ya haɗe.

Yadda yake aiki ne ya fi burge ni. Samfefa duk abin da ta tarar ci take yi, tudu da kwari, mai laifi da marar laifi. Yumɓun nan kuwa a kan ruwa yake tafiya. Ana fesa wa wurin ruwa mai santsi, ko na kwalbar da ake haɗowa da shi ko ruwan sabulun mota, sai ya riƙa sulalewa bisa wannan siririn ruwan. Inda fenti yake lafiya, ya wuce abinsa. Inda wani abu ya ɗago kai ya zarce ruwan, nan za su yi karo, ya sare shi ko ya tumɓuke shi, danƙon kuma ya haɗiye guntun don kada ya koma yawo yana zane fenti. Santsi, wanda a bakin rijiya shi ke kayar da mutum, a nan shi ne mai tsaro. Da zarar ruwan ya ƙafe kariya ta tafi, yumɓun ya manne ya bar dabbare-dabbare, sai an sake jiƙawa an bi.

A curi yake zuwa, yawanci giram 100 ko 200, kuma mai hankali ba ya ɗaukar curin gaba ɗaya. Yakan yanki kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, ya murza a tafin hannu har ya yi taushi, ya baje shi faɗin yatsu uku. Sai an wanke motar sosai tukuna, domin yumɓu ba soso ba ne, in ya tarar da yashi kwance zai ja shi ne a kan fenti. A inuwa ake yi, jikin mota da sanyi. Baƙar mota da ta wuni a ranar bazara rufinta kan haura digiri 70, ruwan da aka fesa kafin ka juya ya ƙafe. Wuri kaɗan-kaɗan ake ɗauka, abin da bai wuce kamu ɗaya a tsaye da kwance ba, a fara daga rufi a gangaro, a bar ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe tunda can datti ya fi yawa. Gaba da baya a miƙe, ba dannawa. Nauyin yatsu ya isa. Wanda ya saba da dirzar bodi da ƙarfin dantse sai ya koyi sassauci a nan, kuma wannan shi ne darasin da ya fi ba yaran wanki wuya.

Babu wanda zai gaya maka wuri ya gama sai hannunka da kunnenka. A bi na farko yumɓun yana tafiya yana turjiya, kana jin yana kamawa yana saki, ga wani ɗan ƙara-ƙara a hankali, wanda in injin feshi na aiki a kusa ba za ka ji ba. A bi na huɗu ko na biyar turjiyar ta ragu. Can sai ƙarar ta ɗauke, yumɓun ya zame kamar zai kuɓuce maka. Shi ke nan, a goge da tawul mai laushi a matsa gaba. Ido duk wannan lokacin ɗan kallo ne, abin da yake gani kafin a fara da bayan an gama kusan ɗaya ne. Rabonsa yana zuwa ne in an juya yumɓun: fuskar da ta shiga shuɗiya ko fara sai ta fito da launin ƙasa-ƙasa, wani lokacin da ratsin tsatsa, daga motar da aka gama wankewa yanzun nan. Sai a ninke dattin ciki, a murza, a sake bajewa, sabuwar fuska ta fito. Haka za a yi ta ninkewa har ranar da za a nemi wuri mai kyau a jikinsa a rasa.

Na taɓa zama a benci a wani wurin wankin mota ina jiran tawa, wani magidanci da yaronsa suna yi wa wata baƙar jif wannan aikin a ƙarƙashin rumfar kwano. Yaron na kan ƙofar baya sai yumɓun ya suɓuce masa ya faɗi a siminti. Ya yi wuf ya ɗauka ya nufi bokiti.

"Ina za ka da shi?"

"Ɗaurayewa zan yi, Oga."

"Jefar."

"Oga, wallahi yanzu na yanko shi, ko ƙofa ɗaya bai gama ba."

Maigidan ya karɓa, ya ɗaga shi a haske, ya nuna masa wasu ƙwayoyin yashi biyu da suka riga suka nutse a ciki. "Waɗannan ka gani. Waɗanda ba ka gani ba fa? Ka sa wannan a ƙofar Alhaji, kuɗin fentinta ya fi albashinka na wata. Yanko wani, kuma ka bar cika ruwa a yatsunka." Ya cilla guntun a kwandon shara. Yaron ya bi shi da kallo na ɗan lokaci, kallon wanda aka zubar wa tuwo. Dokar dai ba ta maigidan ba ce shi kaɗai, kamfanonin da ke yin abin su ma haka suke gargaɗi. Halin da ya sa yake da amfani, wato haɗiye duk abin da ya taɓa, shi ne ke kashe shi in ya taɓa ƙasa, kuma saboda ranar faɗuwar ne ake yanka curin tun farko.

Matan da ke gyaran amare ba za su sha mamakin wannan sana'a ba. Dilka, wadda ta zo mana daga Sudan ta hanyar Chadi da Borno, ƙulli ne na gari da mai da kayan ƙamshi da ake murzawa a fata bayan wanka, ba kafinsa ba. Amarya ta yi wanka tas, amma in aka bi ta da dilka sai ƙullin ya riƙa murmushewa yana fita da wani dattin da soso bai san da shi ba, fata ta koma sumul. Mai dilka ta san cewa wanka mataki ne, ta san ana bi a hankali, ta kuma san in aka matsa ko aka yawaita sai fata ta yi ja. Abin da ba ta taɓa yi wa kowa alkawari ba shi ne goge tabo ko shasshawa, kuma a daidai nan ne masu mota suke yawan ruɗewa.

Yumɓu abin da ya hau kan fenti yake cirewa. Abin da ya shiga cikin fenti, wato ƙarce da zane da ramin da kashin tsuntsu ya ci ya bari, ba ruwansa da shi, domin zane rashi ne, babu abin tumɓukewa a cikinsa. Muna da kalmomi da yawa na taɓa jikin abu, kuma bambancinsu shi ne yawan abin da kowacce ke ɗauka. A wanke, ba a rage komai ba. A goge, haka nan, in dai tsumman na da kyau. A kankare, an cire baƙon da ya manne. A gurza ko a darje kuwa, an fara taɓa jikin mai gida. Aikin yumɓu kankara ce mai ladabi. Maganin zane gurza ce, ko da an kira ta folish: ana cin fentin da ke kewaye da ramin ne har ya sauko daidai da gindinsa, sai ido ya daina ganin rami.

Abin da ake ci ɗin kuma ba shi da yawa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa da ake tsoma bodi a ciki don tsare tsatsa, sai shimfiɗa, sai launi, sai na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, garai-garai, shi ke ba da sheƙi yana kuma tare zafin rana. Duka-duka kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na saman shi kaɗai wajen 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Duk abin da muke kira kyan mota, wanda ake tsayawa a kalla, ake ƙara dubban ɗaruruwa a ciniki saboda shi, a kan wannan ɗan siririn yake zaune.

Ba haka fenti yake ba tun asali. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford baƙar mota kawai yake fitarwa a samfurinsa na Model T. A 1924 ne fentin Duco na kamfanin DuPont ya fito a motocin Oakland, mai bushewa cikin sa'o'i maimakon makonni, launuka suka samu hanya. Shafin saman nan marar launi bai zama ruwan dare ba sai a shekarun 1980. Waɗanda suka yi zamani da fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, za su tuna motocin lokacin da in fentinsu ya koɗe aka goga da mai, launin yakan fito a tsumma, motar kuma ta dawo sabuwa. Wancan fentin launi ne tun daga sama har ƙasa, ana ci ana samun wani. Na yanzu in saman ya ƙare, ya ƙare. Shi ne rufi da bonet ɗin da muke gani sun yi furfura suna ɓarewa, kuma babu yumɓu ko folish da zai mai da su, sai mai fenti. Mai son sheƙi da ke kai motarsa a sa mata inji duk wata uku, garin neman gira zai rasa ido.

Yumɓun kansa ba waliyyi ba ne. Yana da daraja-daraja, mai laushi da matsakaici da mai ƙarfi, kuma mai ƙarfin, wanda aka yi domin burbushin fenti mai kauri, yakan bar dushewa da ke buƙatar folish a baya, musamman a baƙar mota. Ko mai laushin ma ba abin kowane mako ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, in hannu bai ji kaushi ba ma a ƙyale shi.

Duk da sha'awar da nake yi wa abin, in aka tambaye ni babban maƙiyin fenti a ƙasar Hausa, ba zan ce garin birki ba. Tsumman direba zan ce. Ƙurar hunturu da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris, kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi ta kwaso farar ƙasa. Garin nan da ke kwanciya a mota da asuba laushinsa a ido ne kawai, a cikinsa akwai ƙwayoyin da suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Sai direba ya fito da sassafe, cikin ladabi da son burge maigida, ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera, tsohuwar singileti ko tawul ɗin da ya goge wili jiya, ya karkaɗe ya bi motar yana zagayawa da hannu. Cikin minti biyar ta yi fes. Da rana ta take kuma, ka tsaya gefen baƙar mota ka dubi inda hasken ya faɗa, za ka ga siraran zane zagaye-zagaye ba iyaka. Kowace safiya ana ƙara wasu. Yaran da ke rubuta "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya ba su kai shi ɓarna ba. Mutumin da zai sayi yumɓu daga ƙasar waje ya bar wannan tsumman a motarsa, kuɗinsa yake zubarwa. Bokitin ruwa guda da za a kwara ƙurar ta gangara kafin hannu ya taɓa ya fi masa amfani, sai kuma bokiti na biyu na ɗauraye soso, don kada yashin da aka ɗebo daga ƙasan ƙofa ya koma rufi. Garin omo ma a bar shi ga kayan sawa, yana wanke man kariyar da ke kan fenti.

Akwai wani abin da ke sa na fi yarda da sumul a kan sheƙi: sheƙi ana aronsa. Duk wanda ya taɓa zagaya wuraren sayar da motocin Beljiyam ya ga yadda ake shirya mota kafin mai saye ya iso. A shafe taya da mai ta yi baƙi wuluk, a bi bodi da wani man da ke cike ƙananan zane na ɗan lokaci, a ajiye ta inda haske zai faɗo mata daidai. Ba na ce haramun ba ne, kowane ɗan kasuwa yana gyara kayansa. Amma wanki biyu ko ruwan sama ɗaya ya isa ya karɓe aron. Motar da ta yi makonni a tashar jirgin ruwa, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta biyo hanya har Arewa, in ba a kankare ta ba man a kan datti aka shafa shi, kuma tafin hannu zai faɗa. Haka zai tona ƙofar da aka sake wa fenti, domin burbushin feshin yakan bar kaushi a gefen gilashi da kan robobi da ɓangaren da ke maƙwabtaka. Tsofaffin dillalai da kan zagaya mota suna shafa ta kafin su buɗe baki ba wasa suke yi ba.

Bayan yumɓu fenti tsirara yake. Duk kakin da ke kansa ya tafi tare da dattin, don haka barin sa haka rabin aiki ne. In akwai zane da ya dami mai motar, a nan folish ke shiga, kaɗan. Daga nan sai kariya, ko kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, ko na sinadari wanda ya fi jure zafi irin namu. A kan fentin da aka kankare kakin yana kamawa sosai, yana shafuwa ba wuya, yana kuma daɗewa. Ruwa in ya zuba sai ya dunƙule ya gangara.

Kasuwa dai ta san cewa mutane da ido suke biyan kuɗi, saboda haka ta ƙirƙiro masa nasa rabon. Akwai wani ruwa da ake fesawa, mai warin gaske, wanda in ya haɗu da garin ƙarfe sai ya narkar da shi ya koma shunayya, ka ga farar mota tana zubar da jini-jini ta ko'ina. Yana aiki, ba ƙarya, kuma fesa shi kafin yumɓu yana rage wa yumɓun nauyi. Sai dai ƙarfe kawai ya sani, bai san kwalta ko burbushin fenti ba, kuma ina zargin rabin farin jininsa na kallon ne, abin da ake ɗauka a waya a tura wa mutane. An kuma fito da safar hannu da tawul masu fuskar roba da ke yin aikin yumɓu, sun fi sauri, in sun faɗi a ɗauraye a ci gaba. Ga mai wurin wanki da motoci ke jira a layi, su ne daidai. Abin da aka rasa a cikinsu shi ne labarin da siririn yumɓu ke kai wa yatsu, shi ya sa masu bin lungu da saƙo, gefen tambari da ƙarƙashin hannun ƙofa, har yanzu suna ajiye ɗan curi a gwangwani.

Wata irin mota kuma ba a kai mata yumɓu sam. Ita ce mai fentin nan dushi-dushi da ake yi da gangan, wanda samari masu kuɗi suka fara yayi. Rashin sheƙinsa daga wani kaushi ne mai tsananin ƙanƙanta da aka gina a shafin sama, shi ke warwatsa haske maimakon ya mai da shi. Duk abin da zai daidaita wannan kaushin, yumɓu ne ko folish ko ma yawan dirza da tawul, zai bar fili mai ƙyalli a tsakiyar ƙofa, kuma ba a iya mai da shi dushi-dushi da hannu. Sai dai a sake fesa ƙofar gaba ɗaya.